Mick Mackey

Michael John Mackey, wanda aka fi sani da Mick Mackey (12 ga Yuli 1912 – 13 ga Satumba 1982), ɗan ƙasar Ireland ne da ya shahara a hurling, wato wasan ƙwallon sanda na gargajiyar ƙasar. Ya buga wa kulob ɗin Ahane na yankin da aka haife shi, ya kuma buga wa tawagar gundumar Limerick daga 1930 zuwa 1947, galibi a matsayin ɗan wasan gaba na tsakiya. Da Limerick ya ci kofin ƙasa baki ɗaya sau uku, a 1934 da 1936 da 1940, kuma shi ne kyaftin a biyu na ƙarshe. Da Ahane kuwa ya ci kofin gunduma sau 15 a ƙwallon sanda, sau 5 a ƙwallon ƙafa na Gelik. A zamaninsa ne wannan ƙaramin kulob na karkara ya zama kulob mafi ƙarfi a Limerick, har ya riƙa ba tawagar gunduma manyan 'yan wasanta. Ana lissafa Mackey cikin fitattun 'yan wasan ƙwallon sanda na kowane zamani, kuma sunansa aka sa wa kofin lardin Munster.

Asali da ƙuruciya

An haifi Mackey a Castleconnell, wani ƙaramin gari da ke bakin kogin Shannon, a arewa maso gabashin birnin Limerick. An san garin tun da daɗewa da kamun kifi, amma a gidansu Mackey ƙwallon sanda ne gādo. Kakansa, wanda aka sa masa sunansa, yana cikin 'yan wasan Castleconnell na farko-farko. Mahaifinsa, John Mackey, wanda ake wa laƙabi da Tyler, ya yi suna wajen ƙarfi da rashin tsoro a fili, kuma shi ne kyaftin ɗin Limerick a 1910.

Tyler ya kusa cin kofin ƙasa har sau biyu, bai samu ba. A 1910 Limerick ta ci kofin Munster, ta kai wasan ƙarshe na ƙasa, sai Wexford ta doke ta da tazarar maki ɗaya tak. A 1911 ta sake cin Munster, amma taƙaddama kan filin da za a buga wasan ƙarshe ta sa Limerick ta ƙi fitowa, aka ba Kilkenny kofin. Mick ya tashi yana jin waɗannan labarai a gida, yana kuma koyon riƙe sanda tare da ƙannensa. Biyu daga cikinsu, John da Paddy, su ma sun buga wa Ahane da Limerick daga baya.

Wasan da tsarinsa

Ana buga ƙwallon sanda tsakanin ƙungiyoyi biyu, kowace da 'yan wasa 15, a fili mai ciyawa wanda ya fi filin ƙwallon ƙafa tsawo da faɗi. Kowane ɗan wasa yana riƙe da sandar katako mai faɗin baki, da ita yake bugun wani ƙaramin ƙwallon fata mai tauri, a ƙasa ko a sama. An yarda ya cafe ƙwallon da hannu, ya yi taku kaɗan da shi, amma ba a yarda ya jefa shi ba, ba a kuma yarda ya ɗauke shi daga ƙasa da hannu ba. A kowane ƙarshen fili akwai raga mai dogayen turaku biyu. Ƙwallon da ya wuce ta saman sandar gicciye maki ɗaya ne, wanda ya shiga raga kuwa maki uku ne. Shi ya sa ake rubuta sakamako da lambobi biyu: 2-5 na nufin ƙwallo biyu a raga da maki biyar, jimilla 11. A zamanin Mackey wasa awa ɗaya ne, kuma ba a sa hular kariya.

Hukumar da ke kula da wannan wasa da kuma ƙwallon ƙafa na Gelik ita ce Ƙungiyar Wasannin Gelik, wadda aka fi sani da GAA. An kafa ta a garin Thurles ranar 1 ga Nuwamba 1884, lokacin da Ireland ke ƙarƙashin mulkin Birtaniya, domin farfaɗo da wasannin gargajiya na ƙasar. Abubuwa biyu ne suka bambanta tsarinta da na ƙwallon ƙafa na duniya. Na farko, ba a biyan ɗan wasa albashi, kowa yana da sana'ar da yake ci da ita. Na biyu, kulob a kan yanki yake: mutum yakan buga wa kulob ɗin yankin cocin da ya tashi a ciki, babu saye babu sayarwa. Daga kulob-kulob ake zaɓen tawagar gunduma, kuma a zamanin Mackey gundumomi kan kara a lardunansu, sannan zakarun larduna su haɗu a gasar ƙasa baki ɗaya, wadda ake kammalawa a filin Croke Park da ke Dublin. Saboda haka ƙarfin ƙaramin kulob ya dogara ne kacokan a kan yaran da yankin ya haifa ya kuma raina.

Kulob ɗin Ahane

An kafa kulob ɗin Ahane a 1926, domin ya wakilci yankin cocin da ya haɗa Castleconnell da Ahane da ƙauyukan da ke kewaye da su. Kafin nan da sunan Castleconnell ake buga wasa a yankin. Rigar kulob ɗin kore ce da ruwan zinariya. Mackey yana ɗan shekara 14 aka kafa shi, don haka tare suka girma.

A 1931, shekara biyar kacal bayan kafuwarsa, Ahane ya ci kofin manya na gundumar Limerick a karo na farko, Mackey yana da shekara 19. A 1932 kulob ɗin Young Irelands na cikin birni ya karɓe kofin. Daga 1933 zuwa 1939 kuwa babu wanda ya iya taɓa Ahane: ya ci kofin sau bakwai a jere. Croom ce ta katse wannan jeri, ta ci kofin a 1940 da 1941. Ahane ya dawo a 1942, ya sake jera bakwai har zuwa 1948. A cikin shekara 18, daga 1931 zuwa 1948, sau uku kaɗai kofin ya kwana a wani wuri. Mick da ƙanensa John suna cikin dukkan waɗannan nasarori 15.

Ahane bai tsaya a ƙwallon sanda ba. Daga 1935 zuwa 1939 ya ci kofin manya na gunduma a ƙwallon ƙafa na Gelik sau biyar a jere, kuma yawancin waɗanda suka buga su ne dai 'yan ƙwallon sandan. A waɗannan shekaru biyar kofunan gunduma biyu duk a yanki ɗaya suke, alhali kuwa akwai kulob-kulob na birnin Limerick da suka fi Ahane yawan jama'a nesa ba kusa ba.

Ba Mackey kaɗai ya kawo wannan ba. Tsara guda ce ta taso a lokaci ɗaya a wuri ɗaya. A cikinta akwai mai tsaron raga Paddy Scanlan, da ɗan wasan tsakiya Timmy Ryan, da Jackie Power wanda ke iya buga kusan kowane gurbi a fili, da kuma John Mackey. Sun san juna tun suna yara, suna atisaye tare da yamma bayan an tashi daga aiki, kuma wannan sabo ne suka tafi da shi cikin tawagar gunduma.

Tawagar Limerick

Mackey ya fara buga wa manyan Limerick a 1930. A lokacin gundumar tana da kofin ƙasa uku, na 1897 da 1918 da 1921, amma ta shafe kusan shekara goma ba ta taɓuka abin kirki ba.

A 1933 Limerick ta ci kofin Munster, ta kai wasan ƙarshe na ƙasa, inda Kilkenny ta doke ta da 1-7 da 0-6. Shekarar da ta biyo baya, 1934, ita ce ta cikar GAA shekara 50, kuma Limerick ta sake zuwa Croke Park, wannan karo da Dublin. Wasan farko ya tashi kunnen doki, 2-7 da 3-4. Da aka maimaita, Limerick ta yi nasara da 5-2 da 2-6, Dave Clohessy ya zura ƙwallo huɗu. Timmy Ryan na Ahane ne ya ɗaga kofin. Mick da John suka kawo gida lambar da mahaifinsu ya nema bai samu ba.

A 1935 aka sake haɗuwa da Kilkenny a wasan ƙarshe, cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Limerick ce ake sa ran za ta ci, amma kyaftin ɗin Kilkenny, Lory Meagher, ya mamaye tsakiyar fili, Kilkenny ta tsira da maki ɗaya, 2-5 da 2-4.

Shekarar 1936 ce ƙololuwar Mackey. An naɗa shi kyaftin, tawagar ta yi rangadi a Amurka inda ta buga wasanni a gaban 'yan Ireland mazauna can, sannan ta dawo ta fuskanci Tipperary a wasan ƙarshe na Munster, a Thurles, wato a gidan Tipperary. Limerick ta ci 8-5 da 4-6. Mackey shi kaɗai ya ci 5-3, jimilla maki 18, daidai da abin da dukan tawagar Tipperary ta samu a ranar. Har yau ana ambaton wannan a matsayin ɗaya daga cikin manyan bajintoci da mutum guda ya taɓa yi a wasan ƙarshe na lardin. Akwai labarin da ya yaɗu cewa ya shiga wasan da ciwo a gwiwa ɗaya, sai ya ɗaure lafiyayyar da bandeji, domin masu tsaron baya su riƙa kai wa wadda ba ta da komai hari. A wasan ƙarshe na ƙasa Limerick ta rama abin da Kilkenny ta yi mata, ta lallasa ta da 5-6 da 1-5, Mackey ya ɗaga kofin Liam MacCarthy.

A gasar lig ta ƙasa ma Limerick ta kafa tarihi a wannan zamani, domin ta ci kofin sau biyar a jere, daga kakar 1933–34 zuwa ta 1937–38. Sai dai a 1937 Tipperary ta karɓe kofin Munster, kuma shekara uku Limerick ba ta koma wasan ƙarshe na ƙasa ba.

A 1940 da yawa sun ɗauka tawagar ta tsufa. Hanyar da ta bi ta yi wuya: ta yi kunnen doki da Waterford sai da aka maimaita, ta yi kunnen doki da Cork a wasan ƙarshe na Munster, shi ma sai da aka maimaita, sannan ta fitar da Galway. A wasan ƙarshe Kilkenny, wadda ke riƙe da kofin, ita ce a gaba. Bayan hutun rabin lokaci Mackey ya koma tsakiyar fili, wasan ya juya, Limerick ta ci 3-7 da 1-7. Wannan ne kofin ƙasa na uku kuma na ƙarshe da ya ci.

A 1941 ƙanensa Paddy ya rasu yana matashi. Mick da John suka janye daga wasa a wannan shekara saboda makoki, kuma a shekarar ce Cork ta fara jerin kofunan ƙasa huɗu da ta ci zuwa 1944. Bayan dawowarsa Limerick ta kai wasan ƙarshe na Munster sau huɗu a jere, daga 1944 zuwa 1947, ba ta ci ko ɗaya ba. Wanda aka fi tunawa shi ne na 1944 da Cork, wanda aka maimaita bayan kunnen doki. Dab da tashi, matashin ɗan wasan Cork Christy Ring ya ɗauko ƙwallo daga nesa a kan sandarsa, ya zura wanda ya raba gardama. Masu tarihin wasan kan ɗauki wannan rana a matsayin lokacin da zamanin Mackey ya fara ba na Ring wuri. Mackey ya bar tawagar gunduma a 1947.

Ya kuma wakilci lardin Munster a gasar larduna da ake kira Kofin Jirgin Ƙasa, wadda a wancan lokaci ake buga wasanta na ƙarshe ranar 17 ga Maris, ranar bikin Waliyyi Patrick. Ya ci wannan kofi sau takwas.

Salon wasansa

Kafin zamanin Mackey an fi buga ƙwallon sanda a ƙasa: ƙwallo ya iso, a make shi gaba ba tare da ɓata lokaci ba. Mackey ya yi fice wajen ɗora ƙwallon a kan faffaɗan bakin sanda ya ruga da shi, wanda ya ba shi damar yin tafiya mai nisa ba tare da ya karya dokar taku ba. Ba shi ya ƙirƙiro dabarar ba, amma shi ya mayar da ita makami, kuma a yau babu ɗan wasan da ba ya koyonta tun yana yaro.

Mutum ne kakkaura mai faɗin ƙirji, kuma maimakon ya kauce wa masu tsaron baya, kansu yake nufa kai tsaye, ya ture su da kafaɗa. Wannan ya jawo masa duka mai yawa a lokacin da alƙalan wasa ba su cika hura usur ba, amma an san shi da yin wasa cikin raha, yana tsokanar abokan hamayya yana dariya. Jama'a sukan cika fili don su gan shi, har da waɗanda ba 'yan Limerick ba.

Rayuwarsa a wajen fili

Duk wannan suna bai kawo wa Mackey albashi ba, domin dokar GAA ta hana. Ya yi aikin tuƙi a hukumar wutar lantarki ta ƙasa, a Ardnacrusha, inda aka gina babbar tashar samar da wuta daga ruwan Shannon tsakanin 1925 da 1929, 'yan kilomitoci daga garinsu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda Ireland ta zama 'yar ba-ruwanmu a cikinsa, ya yi aiki a rundunar sojan ƙasar.

A wancan zamani GAA tana da wata doka da ta hana membobinta bugawa ko ma kallon wasannin da take ɗauka na Ingila ne, wato ƙwallon ƙafa na duniya da rugbi da kurket da hoki. Dokar ta yi tsanani har a 1938 aka cire shugaban ƙasa Douglas Hyde daga matsayin uban ƙungiya saboda ya halarci wasan ƙwallon ƙafa. Limerick kuwa birnin rugbi ne, kuma Mackey yana son kallonsa. Labarin da aka fi bayarwa shi ne, da shugabannin gunduma suka ga ba za su iya hana shi ba, kuma ba za su iya jure dakatar da shi ba, sai suka sa shi cikin kwamitin sa-ido, wanda aikinsa shi ne zuwa irin waɗannan wasanni don gano masu karya doka. An soke dokar a 1971.

Bayan ya daina wasa

Mackey ya koma horarwa. A 1955 ya shirya wata tawagar Limerick ta matasa masu gudu, waɗanda aka yi wa laƙabi da karnukan tseren Mackey. A wasan ƙarshe na Munster sun haɗu da Clare, wadda ta riga ta fitar da Cork da Tipperary, kuma kowa ya ba ta nasara tun kafin a fara. Limerick ta doke ta da tazara mai yawa, Dermot Kelly ya ci 1-12. Wannan ne kofin Munster na farko da gundumar ta ci tun 1940. Wexford ce ta tsayar da su a wasan kusa da na ƙarshe na ƙasa. A wannan shekara Ahane ma ya sake cin kofin gunduma.

Ya kuma riƙa aikin alƙalin bakin raga, wanda ke sa farar riga yana ɗaga tuta idan an ci. A wannan matsayi ne aka ɗauke shi ɗaya daga cikin hotunan da suka fi shahara a tarihin wasan, a 1957, a karawar Cork da Tipperary. Hoton ya nuna Christy Ring yana fita daga fili da rauni a hannu, Mackey ya juyo yana faɗa masa wata magana. Ana yawan amfani da hoton a muhawarar da ba ta ƙarewa kan wanda ya fi wani tsakanin su biyun.

Rasuwa da karramawa

Mackey ya yi fama da rashin lafiya a shekarunsa na ƙarshe. Ya rasu a Limerick ranar 13 ga Satumba 1982, yana da shekara 70, aka binne shi a Castleconnell, inda dubban mutane suka halarci jana'izarsa.

Tun yana raye, a 1980, shi ne mutum na farko da aka ba lambar gwarzon ƙwallon sanda na kowane zamani. A 1984, da GAA ta cika shekara 100, an zaɓe shi ɗan wasan gaba na tsakiya a tawagar ƙarni, aka kuma sake zaɓensa a wannan gurbi a 2000. Babbar rumfar 'yan kallo ta filin Gaelic Grounds da ke Limerick, wadda aka buɗe a 1988, sunansa take ɗauke da shi, haka ma filin kulob ɗin Ahane. A 2013 an kafa mutum-mutuminsa a Castleconnell. A 2021 aka yanke shawarar sa wa kofin Munster sunansa, kuma Limerick ce ta fara ɗaga sabon kofin a 2022.

Ahane bayan Mackey

Tsarin da ya ɗaga Ahane shi ne kuma ya sauke shi. Tun da ba a sayen 'yan wasa, da tsarar su Mackey ta tsufa babu inda za a je a nemo madadinta. Bayan kofin 1955 kulob ɗin ya jira shekara 43 kafin ya sake ci, a 1998, sannan ya ƙara a 1999 da 2004, jimilla 19. Limerick ma bayan 1940 sai a 1973 ta sake cin kofin ƙasa, kuma Jackie Power na Ahane yana cikin waɗanda suka horar da tawagar. Daga nan ta sake jiran shekara 45 zuwa 2018. A tawagar da ta ci kofin a 2018, ta kuma jera huɗu daga 2020 zuwa 2023, akwai 'yan Ahane biyu, wa da ƙane, Dan da Tom Morrissey.

Kofunan da ya ci

Da Ahane
Kofin manya na Limerick, ƙwallon sanda (15): 1931, 1933–1939, 1942–1948
Kofin manya na Limerick, ƙwallon ƙafa na Gelik (5): 1935–1939

Da Limerick
Kofin ƙasa baki ɗaya (3): 1934, 1936, 1940
Kofin Munster (5): 1933, 1934, 1935, 1936, 1940
Gasar lig ta ƙasa (5): 1933–34 zuwa 1937–38
Kofin Munster a matsayin mai horarwa (1): 1955

Da Munster
Kofin Jirgin Ƙasa (8)